Sunan Tattasan Diffa Dukiya Ne: Yadda Doka Take Kare Shi

Ya ku manoman bakin Komadugu, kun san wahalar da ke cikin noman tattasai, tun daga reno da dashe da ban ruwa har zuwa tsinka da shanya. Kun kuma san cewa idan buhu ya isa kasuwannin Najeriya aka ce na Diffa ne, mai saye yakan natsu. Wannan natsuwar ita ce darajar suna. Suna kuwa dukiya ne, ana iya sace shi kamar yadda ake sace akuya.

Wa ke kare wannan hakki?

Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI, mai kare hakkin ƙirƙira a ƙasashe 17 na Afirka. Cibiyarta tana Yawunde a ƙasar Kamaru, kuma tana aiki da yarjejeniyar Bangi ta shekarar 1977. Takarda ɗaya da ta bayar tana aiki a dukkan ƙasashen nan. Najeriya ba ta cikinsu, tana da nata tsarin dabam.

Takardu iri biyu da ya kamata ku bambanta

Ta farko ita ce takardar mallakar ƙirƙira. Ana ba da ita ga wanda ya ƙago sabon abu, misali na'urar busar da tattasai da hasken rana wadda ba a taɓa yin irinta ba. Dole abin ya zama sabo, ya ƙunshi dabara ta gaske, kuma a iya ƙera shi a yi aiki da shi. Kariyar tana ɗaukar shekara 20, ana biyan kuɗi kowace shekara. Bayan haka kowa yana iya ƙerawa. Idan ɗayanku ya ƙago wani abu, kada ya baje shi a kasuwa kafin ya shigar da buƙatarsa, domin abin da kowa ya riga ya gani ya daina zama sabo.

Ta biyu ita ce shaidar asalin wuri. Noman tattasai ba sabon abu ba ne, don haka takarda ta farko ba ta shafe shi ba. Amma ƙasar bakin kogi, da ruwa, da rana, da gwanintar da kuka gada, su suka ba shi launi da ƙamshi. Shaidar asalin wuri tana hana wani ya sa sunan yankinku a kan kayan da ba a can aka noma su ba. Ta jama'a ce, ba ta mutum ɗaya ba.

Darasi daga Galmi

A shekarun 2000, wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi hakki a kan irin albasa da sunan Galmi. Manoma da hukumomin Nijar suka ƙi amincewa, kamfanin ya saki sunan. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu shaidar asalin wuri. A Kamaru ma, masoron Penja ya samu tasa a 2013.

Me za ku yi?

1. Ku haɗu cikin ƙungiya mai rajista, manoma da ƴan kasuwa, maza da mata.
2. Ku rubuta ƙa'idojinku: iyakar yankin noma, irin da ake shukawa, yadda ake shanya, da yadda ake zuba wa buhu.
3. Ku naɗa masu duba kaya, domin buhu ɗaya mai algus yana ɓata sunan kowa.
4. Ku nemi shawarar malaman gona, su haɗa ku da ofishin gwamnati da ke Yamai mai miƙa takardu ga OAPI.

Duk matakan nan da rubutu ake yin su. Wanda ya iya karatu zai karanta takarda kafin ya sa hannu. Saboda haka ku kai wannan batu ajin yaƙi da jahilci, ku fara rubuta ƙa'idojin tare da malaminku.