Haƙorin da Ya Maƙale a Lokacin Annoba

Babban mutum yana da haƙora 32. Huɗu daga cikinsu su ne na can ƙurya, biyu sama, biyu ƙasa. Su ne na ƙarshen fitowa. Yawanci suna fitowa ne tsakanin shekara 17 da 25.

Wani lokaci haƙorin ƙurya ba ya samun wuri. Sai ya kwanta ya tokare maƙwabcinsa, ko ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran. Wannan shi ne haƙorin da ya maƙale. Abinci yana shiga ƙarƙashin dasashin, asuwaki kuwa ba ya kai wurin. Daga nan sai wari, sai kumburi, sai zogi.

Maganinsa yana hannun likitan haƙori. Zai ɗauki hoto ya ga yadda haƙorin ya kwanta cikin ƙashi. In ya ga ya kamata, sai ya yi allurar kashe zafi ya cire shi. Mutum yakan koma gida ran nan.

To, me annoba ta yi wa masu wannan ciwo?

A watan Fabrairu na 2020 cutar korona ta shigo Nijeriya ta Legas. A watan Afrilu ta iso Zamfara. Gwamnati ta hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Mutane suka tsorata da zuwa asibiti.

Aikin haƙori yana cikin ayyuka masu haɗari a lokacin, domin korona ta numfashi da feshin yawu take yaɗuwa. Likitan haƙori kuwa fuskarsa dab da bakin majiyyaci take. Injinsa kuma yana fesa ruwa da yawu cikin ɗaki. Saboda haka a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jinkirta duba haƙori na yau da kullum inda cutar ta yi yawa. Amma ba ta ce a bar mai kumburi ko ciwo mai tsanani ba.

Ku lura da kyau. Korona ba ta maƙale haƙorin kowa ba. Abin da ta kawo shi ne jinkiri, haƙori kuwa ba ya jiran annoba ta wuce.

Ga misali. A ce saurayi ne a ƙauyen Tsafe ko Bungudu. Haƙorinsa na ƙurya ya fara zogi. Da ma sai ya shiga mota zuwa Gusau, inda akwai Asibitin Tarayya da Asibitin Yariman Bakura. Amma yana tsoro. Sai ya sayi ƙwaya a kasuwa. Zogin ya lafa, bayan wata guda ya dawo. Mugunya ta taru, kunci ya kumbura, baki ya ƙi buɗuwa. Haƙorin da ke kusa ma ya fara ruɓewa. Aikin yini ɗaya ya zama jinyar kwanaki, kuɗi kuma ya ninka.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Kumburin yana iya sauka ƙarƙashin haɓa ya danne maƙogwaro. In haka ta faru, rai ne a hannun Allah.

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Amma darasin yana nan, domin wata annoba tana iya zuwa.

Ga alamu huɗu da ba a jira da su, ko da annoba ko babu:
1. Kumburin fuska ko ƙarƙashin haɓa.
2. Baki ya ƙi buɗuwa.
3. Zazzaɓi tare da ciwon haƙori.
4. Wahalar haɗiya ko numfashi.

Kafin ka isa asibiti, kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Kada ka bari a ɓalle haƙorin da ƙarfe a gida, domin saiwarsa na iya karyewa cikin ƙashi. Tun ran gini ran zane.

Tambayoyi
1. Haƙora nawa ne a bakin babban mutum?
2. Don me aka jinkirta aikin haƙori a 2020?
3. Faɗi alamu biyu da ba a jira da su.