Yadda cikewar faifan kwamfuta ta tsayar da masana'antun Toyota 14, da darasin da ke ciki ga masu riƙon bayanan jama'a

A ranar Talata, 29 ga Agusta, 2023, kamfanin Toyota ya dakatar da aiki a dukkan masana'antunsa 14 da ke harhaɗa motoci a ƙasar Japan. Da farko mutane da dama sun yi zargin kutse ne, domin a shekarar da ta gabata an taɓa kai wa wani kamfanin da ke kawo wa Toyota kayan haɗi harin intanet, har aiki ya tsaya na yini guda. Sai a ranar 6 ga Satumba kamfanin ya fito da bayani: babu hannun kowa daga waje, wurin ajiya ne ya ƙare a faifan kwamfutocin da ke kula da odar kayan haɗin mota.

Abin lura shi ne lokacin da matsalar ta auku. A ranar 27 ga Agusta injiniyoyi sun shiga aikin gyaran da suka saba yi, suna goge tsofaffin bayanai suna shirya sauran. Ana tsakiyar wannan shara wuri ya gaza, na'urorin suka tsaya. Na'urorin ko-ta-kwana da ya kamata su karɓi aikin suna kan tsari ɗaya da na farkon, don haka su ma matsalar ta ci su. Sai da aka kwashe bayanan zuwa wata na'ura mai faɗin ciki kafin aiki ya dawo washegari. Toyota ba ya jibge kayan haɗi a sito, yana odar su ne daidai lokacin buƙata, saboda haka tsayawar na'urar oda tsayawar masana'anta ce.

Tambayar da wannan lamari ya bari ita ce, ta yaya goge abu zai jawo ƙarancin wuri? Amsarta na buƙatar a fahimci yadda manyan hukumomi da kamfanoni ke adana bayanai.

Yadda rumbun yake

Banki ko hukumar zaɓe ko babban asibiti ba sa ajiye bayanansu a kwamfuta guda. Suna da wata na'ura ta musamman, rumbun adana bayanai, mai ɗauke da faifai gommai ko ɗaruruwa da aka haɗe wuri guda. Ana rarraba bayanan a kan faifan ta wani tsari da ake kira RAID, yadda ko ɗaya ya mutu sauran za su iya sake gina abin da ke kansa. Wannan kariya tana cin nata wurin, shi ya sa girman da aka rubuta a takardar saye ya kan fi wanda ake iya amfani da shi.

Daga wannan babban tafki na wuri ake yanka wa kowane aiki kasonsa: kason albashi, kason rajistar mutane, kason saƙonnin ofis. Kowace kwamfuta tana kallon kasonta tamkar faifanta na kanta.

Akwai kuma wata dabara ta tsimi da akasarin rumbunan zamani ke aiki da ita, wadda za mu kira rabon alƙawari. Misalinta kamar mai sito ne da wurinsa ke cin buhu dubu, amma ya yi wa 'yan kasuwa biyar alƙawarin wurin buhu ɗari uku kowannensu, bisa lissafin cewa ba za su kawo kaya duka a lokaci guda ba. Muddin lissafin ya tafi daidai, kowa ya ci riba. Ranar da kaka ta yi kyau kowa ya cika alƙawarinsa, ƙofar sito za ta toshe wa dukkansu, har da wanda bai kawo ko rabin nasa ba. Haka yake a rumbun bayanai. Kaso zai iya nuna cewa da sauran wuri a cikinsa alhali tafkin da ke ƙarƙashinsa ya ƙafe, kuma idan ya ƙafe, kasuka da yawa kan daina karɓar rubutu ko su ɗauke gaba ɗaya.

Don haka ƙara wa kaso girma ba ya haifar da sabon wuri. Minti kaɗan aikin ke ɗauka a allon kwamfuta, amma idan tafkin na dab da cika, alƙawari kawai aka ƙara a kan alƙawari. Ga shi kuma faɗaɗa kaso da sauƙi, rage shi da wahala, wasu na'urorin ma ba su yarda da ragewar ba sam.

Dalilin da shara ke buƙatar fili

Manhajojin da ke riƙe da bayanai masu tsari ba sa goge komai kai tsaye. Kafin su cire layi guda sai sun rubuta a wani kundi na gefe abin da suke shirin yi, domin idan wuta ta ɗauke a tsakiya a iya komawa baya. Goge layi miliyoyi a lokaci guda na kumbura wannan kundi. Sake shirya bayanan kuma sau da yawa na nufin a gina sabon kwafi kafin a rushe tsohon. Duk wanda ya taɓa gyara ɗakin da ya cika maƙil ya san sai ya fara samun inda zai jingine kaya.

Na biyu, rumbuna na ɗaukar abin da za a iya kira hoton lokaci, wato alamar yadda kaso yake a wata sa'a, don a iya komawa gare ta idan an yi kuskure. Muddin hoton na nan, bayanan da aka goge bayan ɗaukarsa suna nan riƙe da wurinsu. Ma'aikaci zai iya goge terabait biyar ya duba tafki ya tarar ko gezau bai yi ba.

Na uku, ko babu hoton, sai kwamfutar ta aika wa rumbun saƙo na musamman cewa wuri kaza ya zama fanko kafin rumbun ya mayar da shi tafki. A wasu tsare-tsaren saƙon na tafiya da kansa, a wasu sai an ba da umarni, kuma rumbun kan ɗauki sa'o'i yana tattara wurin a hankali.

Garin neman gira

Hatsarin da ya fi cikewa muni shi ne gogewar da ba ta dawowa. A tsakiyar Disamba 2021 Jami'ar Kyoto ta yi asarar kimanin terabait 77, fayiloli kusan miliyan 34 na ƙungiyoyin bincike 14. Wata ƙaramar manhaja ce da aikinta shi ne share tsofaffin fayilolin rahoton na'ura da suka wuce kwana goma. An sabunta ta tana cikin aiki, sai ta rikice ta koma share ainihin bayanan masu bincike. Kamfanin Hewlett Packard Enterprise, wanda ya samar da tsarin, ya amsa laifin. Wani ɓangare na bayanan bai dawo ba.

A birnin Dallas na Amurka kuwa, abin ya taɓa shari'a. A farkon 2021 wani ma'aikacin sashen kwamfuta na birnin yana kwashe bayanan 'yan sanda daga wata ma'ajiya zuwa wata, ya goge na farkon ba tare da tabbatar da cewa kwafin ya isa ba. Daga baya aka gano asarar ta haura terabait 20, fayiloli sama da miliyan 8, ciki har da hotuna da bidiyo na shaidun bincike. Ofishin mai gabatar da ƙara bai samu labari ba sai a watan Agusta, bayan watanni. Har sai da aka ɗage shari'ar wani da ake tuhuma da kisan kai, aka ba da belinsa, kafin a tantance ko asarar ta shafi fayil ɗinsa.

Yadda ake yi cikin aminci

Tsarin da ƙwararru ke bi sananne ne, kuma jerinsa na da muhimmanci. Ana fara auna tafkin kansa, a san ainihin wurin da ya rage da jimillar alƙawuran da ke kansa. Sai a tabbatar akwai kwafin ajiya a wata na'ura ta daban, a kuma gwada dawo da wani abu daga cikinsa, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Bayan nan a fara da abin da ya fi sauƙin hatsari: hotunan lokaci da wa'adinsu ya wuce, da kasukan gwaji da aka manta da su. Kason da ake zaton ba kowa ke amfani da shi ba, a fara cire shi daga layi na wasu kwanaki a ga ko wani zai yi kuka, kuma kar a goge shi sai da rubutaccen izinin sashen da ya mallake shi. Tsofaffin bayanan da doka ta ce a riƙe, a kwashe su zuwa ma'ajiya mai araha, a tantance kwafin kafin a taɓa na asali. Babbar gogewa a yi ta kashi-kashi. Sai an ga wurin ya dawo tafki a zahiri sannan a faɗaɗa kason a rumbu, daga bisani a sanar da kwamfutar da ke amfani da shi ta miƙe zuwa sabon girman.

Duk wannan na buƙatar lokaci da rarar wuri. Shi ya sa ake saita ƙararrawar gargaɗi tun da sauran tazara, galibi a wajajen kashi 80 cikin 100. Wanda ya jira sai rumbu ya cika, ya rasa filin yin shara, kuma zai yi ta cikin gaggawa, lokacin da hannu ya fi saurin kuskure.

Abin da ya shafi ɗan ƙasa

A nan batun ke fita daga hannun injiniya ya koma teburin shugabanni. Sayen ƙarin faifai kasafi ne, kuma kasafi na da mai sa hannu. Tsawon lokacin da za a riƙe bayani manufa ce, kuma manufa na da mai ita. Injiniyan da aka hana kuɗi aka kuma ce kada aiki ya tsaya, gogewa aka tura shi yi.

A Najeriya lambar shaidar zama ɗan ƙasa tana hannun NIMC, rajistar masu zaɓe tana hannun INEC, sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu yana hannun JAMB, kuma duk a irin waɗannan rumbuna suke zaune. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙon bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa, ta kuma hana riƙe su fiye da buƙata. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma tambaya.

Tambayoyin da suka dace a bayyane suke. Kashi nawa na rumbunku ya cika? Ina kwafin ajiyarku yake, kuma yana kan tsari ɗaya da na asali? Yaushe kuka yi gwajin dawo da bayanai na ƙarshe? Wane jami'i ke sa hannu kafin a goge wani abu, kuma ina rajistar abin da aka goge? Idan bayanai suka salwanta, cikin kwana nawa za a sanar da waɗanda abin ya shafa? Dokar ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa, ko ta bayyana a rubuce dalilin da ya sa ba za ta amsa ba.