Daga Bariki Zuwa Gidan Waya: Abin Da Lambobin Girma Ke Bayyanawa

Gabatarwa

Lambar girma, wadda tsofaffin sojoji ke kira minda, 'yar faifan azurfa ce da ake ratayawa a ƙirji. A Ingila akwai masu sha'awar tara irin waɗannan lambobi, suna sayensu a gwanjo. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda suke zama madogara wajen gano tarihin talakan soja na zamanin mulkin mallaka, musamman wanda ya koma raba wasiƙu bayan ya tuɓe kaki.

Yadda Ake Karanta Lamba

A wancan zamani akan zana lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a gefen faifan. A jikin ƙyallen kuma akan maƙala siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan yaƙin da ya halarta. Misali, lambar Sarauniya Biktoriya ta yaƙin Afirka ta Kudu, na 1899 zuwa 1902, tana da irin waɗannan ƙarafa iri 26. Da sunan nan mai bincike kan nufi ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, inda aka adana jerin waɗanda aka bai wa kowace lamba.

Dalilin Komawa Gidan Waya

Tun daga gyare-gyaren Cardwell na 1870, soja kan yi 'yan shekaru kaɗan ne a bakin aiki, sannan a mai da shi cikin sojojin ko-ta-kwana. Saboda haka da yawa sukan fito da sauran ƙarfinsu, amma babu sana'a a hannu. Don magance wannan, a 1897 aka keɓe rabin guraben masu raba wasiƙu domin tsofaffin mayaƙa. Aikin kuwa ya dace da su, domin yana bukatar sammako da juriyar tafiyar ƙasa da kiyaye lokaci, ga kuma fansho a ƙarshe.

A 1902 Sarki Edward na 7 ya ƙirƙiro Lambar Hidimar Daula domin ƙananan ma'aikatan gwamnati da suka yi shekara 25 suna aiki. Idan aka tarar da wannan lamba tare da ta yaƙi, kuma suna ɗaya ne a kansu, to an sami rayuwar mutum tun daga ƙuruciya har tsufa. Wannan ne ya sa masu tarawa ke ƙyamar a raba lambobin mutum guda a sayar ɗai-ɗai, domin da zarar sun watse labarin ya tsinke.

Alaƙa Da Ƙasar Hausa

A 1902 ne kuma aka fito da lambar yaƙe-yaƙen Afirka. Cikin ƙarafanta akwai mai rubutun "N. Nigeria 1903", wato shekarar da rundunar Lugga ta ci Kano a watan Fabrairu, ta ci Sakkwato a watan Maris, kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na 1 a Burmi a watan Yuli. Turawan rundunar hafsoshi ne da saje-saje da aka aro daga sojan Ingila, amma mafi yawan mayaƙan baƙar fata ne, ciki har da Hausawa, kuma su ma an ba su lambar.

Kammalawa

Lambar girma shaida ce ta ɓangare ɗaya. Tana faɗin wanda ya halarci yaƙi, ba ta faɗin waɗanda suka faɗi a ƙofar gari. Abin da magadan wani tsohon saje suka ajiye don alfahari, ga mutanen Kano da Sakkwato tunin ranar baƙin ciki ne. Wajibi ne mai nazari ya haɗa abin da ke jikin azurfa da abin da waƙoƙi da labaran baka suka adana, kafin ya yanke hukunci.