Filasko da Bisacodyl: Fa'ida da Illar Maganin Wankin Ciki

Tun zamanin kakanni mutanenmu sun san filasko, wanda Larabawa ke kira sana, suna jiƙa ganyensa su sha idan bayan gida ya yi tauri. A yau kuwa likitoci sun mai da shi ƙwaya, sun kuma haɗa wani magani mai suna bisacodyl. Dukkansu hikimarsu ɗaya ce, wato zaburar da babban hanji har ya motsa bayan awa 6 zuwa 12, saboda haka ake sha da dare.

Amma duk abin da ya ƙetare haddi illa yake zama, domin wanda ya lizimci sha fiye da kwana 7 ba da iznin likita ba, murɗar ciki da zawo na iya ƙarar masa da ruwan jiki da sinadarin fotashiyam, alhali zuciya ba ta bugawa daidai sai da shi. Hatsarin ya fi tsanani ga mai shan digoxin ko maganin sa fitsari. Bisacodyl kuma haɗiye shi ake yi ba tauna ba, a nisanta shi da madara awa guda. Mai matsanancin ciwon ciki da amai kuwa, wajibi ne ya ƙaurace wa magungunan biyu, ya nufi asibiti.