Belem, jirgin ruwan da ya shekara fiye da 120

Yau za mu ba ku labarin wani tsohon jirgin ruwa na Faransa mai suna Belem. An gama ƙera shi a Nanti a shekarar 1896. Tsawonsa mita 58 ne. A lokacin ba shi da inji. Ginshiƙai uku ne a tsaye cikinsa, ana ɗaura musu manyan ƙyallaye, iska ta tura shi.

Aikinsa fatauci. Yakan ƙetare teku zuwa Barazil ya ɗauko kakawo, a kai wa masana'antar Menier mai yin shakola. Daga baya ya koma jigilar sukari da barasar rake daga tsibiran da Faransa ke mulka, irin su Martinik. Masu yanke raken nan jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka. An hana bauta can tun 1848, amma gonaki suka zauna hannun Nasara.

Tun tafiyarsa ta farko ya gamu da wahala. Gobara ta tashi cikinsa, alfadaran da ya ɗauko duk suka mutu. A 1902 kuma ya isa Martinik, ya rasa wurin tsayawa a garin San Piyer, sai ya zagaya wani gefen tsibirin. Ran 8 ga watan Mayu dutsen Pele ya yi aman wuta, ya shafe garin. Mutane wajen dubu 28 suka hallaka. Belem ya tsira. Mai rabon ganin baɗi sai ya gani.

Da jirage masu inji suka yi yawa, kasuwarsa ta mutu. A 1914 wani basaraken Ingila ya saye shi don shaƙatawa. A 1951 ya koma Italiya, ana koya wa marayu aikin teku cikinsa. Faransa ta maido abinta a 1979, ta gyara shi. A 2024 shi ya ɗauko wutar wasannin Olamfik daga Girka zuwa Marsai.

To, jirgi ya sami daraja, kowa ya san sunansa. Waɗanda suka yi gumi cikin gonakin kakawo da rake fa? Kaya ya fita ɗanye, riba ta sauka inda aka sarrafa shi. Manomin gyaɗa na Maraɗi da Damagaram ya san wannan karatu. Mu tattauna shi a ajinmu na yaƙi da jahilci.