Tumfafiya a garka: sara ba ya kashe ta

Ƴan uwa mata, wadda duk ke da ƴar garka a bayan gida ta san wannan baƙuwar. Kin shuka yakuwa, kuɓewa da zogale, sai ga tumfafiya ta leƙo daga gindin danga. Ki sare ta yau, bayan sati biyu ta tohu da rassa uku.

Dalili yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta doguwa ce, a babbar tumfafiya takan wuce tsawon mutum, shi ya sa take kore shar ko a tsakiyar bazara. In gindin ya saura, sai ta dawo. Ga kuma ƙwallon nan nata mai kamar balan-balan: in ya fashe, iri ɗaruruwa ne ke fita, kowane da audugarsa, iska ta raba wa maƙwabta.

Amma babban abin tsoro nononta ne. Ɗigo ɗaya in ya faɗa ido, sai zafi da hawaye, bayan ƴan awoyi gani ya dushe kamar hazo. Sau da yawa zafin yakan lafa, mace ta ce ai ya wuce, alhali idon na ciwo. Yana kuma ƙona fata mai taushi, in aka haɗiye shi guba ne da ke taɓa zuciya. To, ga yara na wasa da ƙwallon, ga goyo a baya.

Lokacin da ya dace shi ne farkon damina, bayan ruwa mai kyau, ƙasa ta yi laushi. Ƙarama takan fito da hannu har saiwa. Babba kuwa sai diga. A fara tsinke ƙwallayen tun ba su fashe ba, a tara a buhu a ƙone. Sannan a sare rassan, fuska a kauce, a haƙa kewayen gindin kamar kamu ɗaya, a datse saiwar can ƙasa, a maida ƙasa.

Kafin ki fara, sauke goyo, ki kori yara. Sa riga mai dogon hannu da tabarau, ko na rana ne. Babu safar hannu? Leda biyu sun isa. Kar ki share zufa da hannu, kin ji ko? Da kin gama, ruwa da sabulu, har diga da adda.

In tsautsayi ya sa ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15, ba murzawa. Ban da kwalli, ban da ruwan nono. A tafi likita ranar nan, ko da zafin ya tafi. Mafi yawa gani na dawowa cikin kwanaki in an samu magani da wuri.

Itacen kar a zubar. A shanya shi nesa da yara da awaki. In ya bushe yana shiga rufin rumfa, gara ba ta cika damunsa ba. Bayan wata guda a sake zagaya garkar, abin da ya tsiro a tuge shi tun yana ganye biyu.