Ko Ka San Sharon da Sauro Dabararsu Ɗaya?

Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ɗiyar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawo da dare, Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka. Ya shiga Sifen a 2006, a 2016 kuwa ya cinye gonakin Kano da Kaduna har tumatir ya gagari talaka. Idan manomin fadamar Kwalkwalawa ya yi feshi tsutsa ba ta mutu ba, yakan ce maganin jabu ne. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuwa maganin na gaske ne, ƙwaron ne ya sauya.

A jijiyar kowane ƙwaro akwai wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa su rufe don saƙo ya wuce. Magungunan ajin firetiroid, da DDT na da, danne ƙofar suke yi a buɗe, ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. To a jikin sharon, wani tubali na ginin ƙofar ya sauya, a gurbin da masana suka ba lamba 1014, sai magani ya kasa kama ta da kyau. Wannan sauyi a ƙwayar gado yake, uwa na ba 'ya'yanta. A 2012 masu bincike sun duba sharon daga ƙasashe 12, duk wanda suka gwada yana ɗauke da shi. Tun kafin ya iso mana ya zo da sulkensa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan sauyin, a wannan gurbin dai, shi aka gano a ƙudan gida a 1996, aka kuma gano shi a sauron zazzaɓin cizon sauro na Afirka ta Yamma a 1998. Lambar 1014 ma daga ƙuda aka aro ta. Ikon Allah! Ƙuda, sauro da tsutsar tumatir, ba dangin iya ba na baba, kowa ya faɗa kan mafita ɗaya. Sauron da ke sauka kan gidan sauro mai magani a unguwar Runjin Sambo ya tashi lafiya, wannan sauyi na cikin abin da ke taimakon irinsa.

Ba sharon ya fara ba. Tsutsar kabeji ta bijire wa DDT a tsibirin Jaba na Indunusiya tun 1953.

Ba sabo ƙwaron yake yi da magani ba. Feshi na kashe marasa sauyin, ya bar masu shi, macen sharon kuma na iya yin ƙwai 260, a haihu sau goma ko fiye a shekara. Shi ya sa ƙara awo asarar kuɗi ce, ga dafi a kan tumatir ɗin da za a kai kasuwar Ramin Kura. Sauya kwalba ma ba ya isa idan sinadarin ajinsu ɗaya: lambda-cyhalothrin da cypermethrin duk ƙofa guda suke nema.